Dunduniyar Abu Yasir

Da sunan Allah da ya saukar da cuta, ya kuma saukar da maganinta. Ina rubuta wannan ne bayan mijina ya tashi daga jinyar da ta kusa raba shi da ƙafarsa ta dama. Na rubuta don masu ciwon suga, da masu sha'awar zaman teku, da kuma matan da Allah ya haɗa su da mijin da ya tara biyun ya ɗora taurin kai a sama, irin nawa.

Sunana Hauwa. A unguwar Misfala ta Makka aka haife ni, a nan aka haifi mijina, wanda kowa ke kira Abu Yasir. Asalinmu Kanawa ne da suka zo aikin hajji suka zauna. Shi direban bas ne na alhazai, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a cunkoson Aziziyya da Mina da Muzdalifa, yana danna oda ana danna masa. Da ya yi ritaya, tsaransa kowa ya buɗe shagon turare ko na dabino. Shi kuwa ya tafi Jidda ya sayo tsohon jirgin ruwa mai filafilai a hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu. Ya ce yana son inda ba mai yi masa oda a baya. Na ce ai kabari ma babu oda, ba sai an sayi jirgi ba. Ya yi dariya, ya ce in haɗa tukwanena.

Mahaifiyarsa, Inna, ta fi kowa jin haushi. Tana ƙarama iyayenta suka taho da ita a ƙasa ta Sudan, suka tsallako Bahar Maliya a wani kwalekwale da ta ce har yau in ta rufe ido tana jin warinsa. Auta take ce masa, duk da furfurarsa.

"Auta, mu da ƙyar muka tsallako ruwan nan sau ɗaya, muna ta salati. Kai kuma ka sa kuɗinka ka koma ka zauna a kansa?"

"Ya Ummi, na yanzu ba irin naku ba ne. Har banɗaki gare shi."

"Halas, shi ke nan. Je ka yi ta zama a banɗakin."

Gidanmu yana Aziziyya. Kamar yadda maƙwabta da yawa ke yi, in hajji ya gabato mukan tattara kayanmu mu kulle a ɗaki ɗaya, mu ba alhazai hayar sauran. Da can gidan Inna muke komawa mu cunkushe. Tunda jirgi ya zo sai ya zama shi ne gidanmu na wannan lokaci, har mu zarce wata biyu ko uku muna bin gaɓa, yau a wannan tsibiri, jibi a wancan.

Masu ganin hotuna a wayar Abu Yasir sukan ce, "Ummu Yasir, kina hutawa." Hutu a ina? Aikin gida ne dai, sai dai gidan ba ya tsayawa wuri ɗaya. Murhun gas a rataye yake yana lilo, tukunya sai an maƙale ta da ƙarfe biyu, in ba haka ba miyar kuka ta bi ki har gado. Kofi ba a ajiye shi, ko yana raminsa ko yana hannu. Albasa da dankali suna cikin raga a rataye, kullum sai na juya su na cire wanda ya fara laushi. Da safe in goge farantan sola da tsumma, don gishiri na kwana a kansu, in an bar su firji ya mutu kafin la'asar. Shi kuma ya ɗaga katakon ƙasa ya duba ko ruwa ya taru a cikin jirgi, ya zuƙe shi da famfon hannu. Wanki a bokiti da ruwan teku, ɗauraya da ruwan daɗin da bai fi cikin kwano ba, shanya a igiyoyin gefe da maƙalai ko'ina, don iska ta taɓa raba ni da mayafi ina kallo. Shara ba a zubarwa, ƙulle ta ake yi ta bi mu har gaɓa. Ko salla sai an duba kamfas, don jirgi in yana kan anga, wato ƙugiyar ƙarfen da ke riƙe shi a ruwa, juyawa yake yi, ki kabbara kina fuskantar alƙibla, ki sallame kina fuskantar Sudan. Na yi mita har na gaji. Amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kafin shekara ta zagayo na iya ɗaurin igiya iri-iri, na kuma iya kallon launin ruwa in san inda dutse yake.

Sarkin komai a jirgi shi ne ruwan daɗi. Muna da tanki a ƙarƙashin kujera, na girki da wanka. Ban da shi akwai jarkokin Zamzam da muke cikowa daga gida, don mutumin Makka ba ya tafiya babu shi. Abu Yasir ya ɗaure su a wuri mai tsabta, sama da komai, ya lulluɓe da farin ƙyalle. Haka ya taso ya ga mahaifinsa na yi. Zamzam na sha ne, ba a wanke kwano da shi, ba a zubar da ragowarsa a magudana, ba ya taɓa ƙazanta. Ni ma haka na taso, ban taɓa ganin laifin hakan ba.

A hajjin da ya wuce, muna can kudu da Jidda a bayan wani tsibiri da ba kowa sai tsuntsaye, abu uku suka haɗe mana. Tiyon tanki ya tsage, ruwanmu ya tsiyaye ƙarƙashin jirgi ya gauraya da na teku da baƙin mai, ba mu ankara ba sai da famfo ya fara tari. Muka ce to mu juya gida. Inji kuma ya ce bai san zancen ba, yana tashi sai ya yi zafi ya mutu, ga iska daga arewa take busowa, wato daga inda muke son zuwa. Na ukun ita ce anga, ta maƙale a duwatsun murjani. Ni da na san murjani a wuyan amare, ban san a gidansu kaifi gare su kamar fasasshiyar kwalba ba. Abu Yasir ya nutsa ya kwanto ta, babu takalmi, wai takalmi na hana shi iyo. Da ya hawo, ni ce na ga jini a kan tsani, shi bai ji komai ba. Suga ta daɗe da rage masa ji a tafin ƙafa.

Yankan bai kai tsawon ɗan yatsa ba, a dunduniyar dama. Na kwanto jarka ɗaya.

"Me za ki yi da wannan?"

"Wanke maka zan yi. Shi kaɗai ne ruwan daɗin da ya rage."

"Zamzam a ƙafa? A kan jini? Haba Hauwa. Ga teku nan fal, gishiri ai shi ne maganin rauni. Da ruwan gishiri Inna ke gasa mana ciwo muna yara."

"Na Inna dafaffe ne."

"Gishiri dai gishiri ne. Mayar da jarkar nan wurinta."

Na mayar, ina gunaguni. Tun daga ranar, safe da yamma sai ya zauna a kan tsanin baya ya tsoma ƙafar a teku, wai yana gashi. Ruwan kuwa ɗumi gare shi kamar na wankan jego da ya huce. In shafa masa ɗan maganin da muke da shi in naɗe da bandeji, shi kuma ya taka jiƙaƙƙen katako da ita yana fama da inji.

Washegari wurin ya yi ja. Kafin a jima ya kumbura har idon sawu ya ɓace. Na sake kawo maganar Zamzam, ya ce yanzu da ya fara ruwa ai ya ma fi ƙazanta. Na ce mu kira masu gadin gaɓa a rediyo. Ya ce a kwanakin hajji, hukuma na can tana fama da alhazai, shi ba zai taso jirgin gwamnati saboda ƙurji ba, iska za ta juya. Iska ba ta juya ba. Ni kuwa zama ya gagare ni. In hau sama in dubi ruwa, in sauko in dubi ƙafa, in ɗora shayi in manta da shi, in goge abin da na riga na goge. Jirgin duka taku nawa ne? Na zagaye shi har na rasa inda zan sa kaina.

Ranar da na tashi na tarar yana rawar sanyi a cikin wannan zafin, jan ya hau ƙwauri, ga wasu baƙaƙen ƙuraje masu ruwa sun fito, ban sake neman izini ba. Da ma ya koya mini rediyon ne don ranar da zai faɗa ruwa, to ga ranarsa ta zo ta wata hanya. Na danna na yi magana, Larabci na fita Hausa na bin bayansa, na karanto musu lambobin inda muke daga allo. Yana kwance yana cewa, "Hauwa, kin tona mana asiri." Na ce ya tonu. Kafin azahar suka iso. Allah ya saka wa mutanen nan da alheri, ko kallon banza ba su yi mana ba. Suka ɗauke shi cak, wani jirgin kuma ya ja namu zuwa tasha.

Asibitin ƙaramin garin da suka kai mu ya sa masa ƙarin ruwa da allurai, suka ce aikin ya fi ƙarfinsu. Ɗanmu Yasir ya yi ta buga waya har aka samu gado a Makka, motar asibiti ta kawo mu. Alhazai sun gama jifa ke nan, gari ya cika ya batse, asibiti kuma ya fi gari cika. Ko'ina tari, ko'ina wanda rana ta kayar, kowa da yarensa. Shi aka shiga da shi, ni aka bar ni da layi. Na bi na buɗe fayil, na bi na gwajin jini, na zo gaba aka ce takardar garin can ba ta shiga na'ura ba, in koma baya. Na yi wa wata ma'aikaciya faɗa a taga, faɗa sosai. Daga baya ita ce ta kawo mini kujera da ruwan sanyi, kunya ta kama ni.

Likitan da ya karɓe shi ɗan Sudan ne, kakansa Bahaushe ne da ya yada zango a can kan hanyar hajji bai ƙaraso ba. Da ya ji muna Hausa sai ya ɗebo 'yar wadda yake da ita. Ya kwance bandejin, ya daɗe yana kallo.

"Da me kuka wanke, ya Hajji?"

"Ruwan teku."

"Babu ruwan daɗi a jirgin?"

Abu Yasir ya dubi silin. Ni na amsa, na ce akwai Zamzam jarka-jarka, maigida ya hana.

Likita bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Tekun nan da zafi romo ne mai ɗumi. Duk ƙwayar cutar da ke son rayuwa tana ciki, kai kuma ka buɗe mata ƙofa safe da yamma. Ko tafasa shi kuka yi da ya fi." Sai ya zaro biro daga aljihu ya zana layi ya zagaye ƙwaurin, kamar faɗin yatsa biyu sama da inda jan ya tsaya. "Za mu yi tanzif, mu yanke naman da ya mutu. In jan nan ya tsaya ƙasa da layi, ƙafa taka ce. In ya tsallake, tawa ce, don ba zan bar ta ta kashe ka ba."

Makon farko aka yi tanzif sau biyu. Har yau in na ji kalmar nan sai tsigar jikina ta tashi, don duk lokacin da aka fito da shi dunduniyar ta ƙara rami. Layin biron nan kuwa ya zama abin kallona. Kafin in gaishe shi da safe sai na ɗaga zanen gado na auna da hannuna. Yatsa biyu ya koma ɗaya da rabi, ɗaya da rabi ya koma ɗaya. In layin ya dushe sai in bi ma'aikaciyar jinya har ta sake zana shi, ina tsaye a kanta kada ta ɗaga shi sama don ta faranta mini. Tsoro nake ji ƙwarai, kuma haushinsa nake ji daidai da tsoron. Ina ba shi abinci a baki ina harararsa.

Gidanmu na hannun alhazai, sai na koma kwana wurin Inna a Misfala, muka ce mata Auta ya ɗan yi targaɗe. Ba na iya zama a can, ba na iya zama a asibiti. In ina nan hankalina na can. Ranar tanzif na biyu jiran baranda ya gagare ni, na tafi Harami na shiga ɗawafi, don ƙafafuna su samu abin yi. Da na fito na bi ta wajen famfunan Zamzam, ga alhazai na sha, wasu na kwarara shi a ka, yana bin jikinsu yana gangarowa har tafin sawu. Na tsaya ina kallon jiƙaƙƙun ƙafafun nan, baƙin ciki ya turnuƙe ni, har wata tsohuwa ta tambaye ni ko na ɓata ne.

Mako na biyu na masu shawara ne. Yayarsa, Hajiya Safiya, ta zo da zuma da man habbatus sauda da ƙullin lalle, ta ce lalle na janye zafi, a cusa a ramin. Wani maƙwabci ya ce a yi ƙaho. Wata ta ce kambun baka ne, don ya cika nuna hotunan jirgi a waya, wata ta ce ɗan aljanin ruwa ya taka. Kowa na cewa kada mu yarda a yanke, kamar mu muka roƙa. Zumar na sha kayata a shayi, lallen na ajiye don salla. Ban raina su ba, Allah ya sani, su ne ke kawo abinci kullum, su ke karɓata in je in yi wanka. Amma ranar da Hajiya Safiya ta fara kwance bandeji wai za ta ɗan shafa kaɗan, sai na riƙe hannunta. Ta tafi ba sallama.

Asibitin na gwamnati ne, ba su karɓi komai ba, amma jinya ba ta rasa hanyar shiga aljihu. Tasi safe da yamma, abincin mai suga, ga tashar jiragen ruwa na cin kuɗin ajiya, jirgi na zaune yana ci ba ya aiki. Hayar alhazai ta shekarar a nan ta narke. Yasir, wanda Hausarsa gutsi-gutsi ce, ya tsaya a gefen gado wata rana ya ce, "Baba, jirgi halas. A sayar. Ni na gaji, Mama ta gaji."

Abu Yasir ya juya fuska bango. Can ya ce, "Ɗayyib, na yarda. In ƙafa ta tafi, ai ya tafi da kansa. In ta tsaya, abin da Inna ta ce shi za a yi."

Yasir ya yi murmushi, don ba wanda bai san ra'ayin Inna a kan teku ba.

Fushin Hajiya Safiya ne ya kai labari kunnen Inna, don wurinta ta je ta kai ƙarata. Washegari da hantsi, ranar da jan ya taɓa layin biro har ko farce ba ya shiga tsakani, sai ga Inna a keken marasa lafiya, Yasir na turawa. Ba ta dube ni ba. Ta sa aka ɗaga zanen, ta ga bandeji, ta ga jan, ta ga layi.

"Wannan ne targaɗen?"

Sai a lokacin ta juyo ta dube ni.

"Hauwa'u, faɗa mini daga farko. Kada ki rage don kina jin kunyata."

Na faɗa mata komai, har jarkar da na kwanto aka ce in mayar. Ta ja carbinta, sannan ta sa aka matso da kekenta jikin gado.

"Auta, a ina Zamzam ya ɓullo?"

"Ya Ummi..."

"Tambayarka nake yi. Labarin da na ba ku tun kuna rarrafe. Uwa na gudu tsakanin dutse da dutse, jariri na kuka yana shure-shure. A ina ruwan ya fito?"

"Wajen dugadugansa," ya ce a hankali.

"To. Ruwan da Allah ya fitar a gindin dunduniyar yaro don kada ya mutu, shi kake jin nauyin zuba wa taka dunduniyar. Ubanka ya koya maka ladabi, Allah ya ji ƙansa, amma bai ce ka mutu da ladabi a gefen jarka ba."

Abu Yasir ya ɗora hannu ya rufe fuska. Inna ta fito da gora daga jakarta ta ce a kwance bandejin. Likita, da ya shigo tun ɗazu yana tsaye, ya durƙusa a gabanta.

"Hajiya, yanzu ba ruwan da zai taɓa wurin nan, ko wane iri ne. Ki ba shi ya sha."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ɗan wa ne kai?"

"Jikan wani Bakatsine ne."

"To jikan Bakatsine, zan jira. Amma kai ma ka jira, kada ka yi saurin wuƙa."

Ya ce mata sakamakon gwaji na biyu ya fito da safen nan, sun gano ƙwayar, sun canza magani, zai ba ƙafar zuwa gobe.

Ni ba malama ba ce. Na ji an ce malamai sun yi magana a kan wanke ƙazanta da Zamzam, wasu sun ƙi, wasu sun sassauta in an matsu, mai son sani ya tambaye su. Abin da idona ya gani kawai nake faɗa. Washegari jan na nan a kan layi, bai tsallake ba. Likita ya ƙara masa kwana. Ranar da ta biyo farcena ya shiga tsakani, daga nan yatsa ya shiga. Na fita baranda na zauna a ƙasa. Na gode wa Allah, na gode wa jikan Bakatsine, na kuma yi alkawarin in mutumin nan ya warke sai na sauke masa faɗan da na tara.

Sauran makonnin na haƙuri ne, abin da daga ni har shi ba wanda Allah ya ba da yawa. Aka yanko fata daga cinyarsa aka liƙa a dunduniyar, aka hana shi takawa. Da aka sallame mu gidan Inna muka sauka, don nata a ƙasa yake, namu sai an hau bene. Kullum in kai shi wankin ciwo, in auna suga, in yi masa allura, in ɓoye dabino. Shi kuwa ya zama kaza a akurki. Yana kwance yana duba iska a waya, iskar da ba inda za ta kai shi. Ya ɗaure igiyar labule ɗaurin jirgi, ya ɗaure keken Inna a ƙafar gado har ta rasa mai kwance mata sai ni. Ya kira mai gadin tasha ya tambaye shi ko an zuƙe ruwa, ko tsuntsaye sun ɓata filafilai. Ya ce ba ya iya barci a gadon da ba ya motsi. Na yi ta yi masa tsiya, alhali ni ma kanwar ja ce. Ina wanke kwano sai in ga na rufe famfo da sauri, ina ajiye kofi hannuna na neman rami. In na leƙa taga na ga bangon otal tsaye ƙiƙam inda na bar shi jiya, sai in kau da kai. Ni da na cika duniya da mita, kewar jirgin nan nake yi.

Ranar da likita ya ce fata ta kama, ruwa na iya taɓawa, muka dawo muka tarar Inna ta sa an ajiye babbar tasa a tsakar ɗaki, jarka a gefe. Ita kuma ta sauko daga keke ta zauna a ƙasa, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Yasir da Hajiya Safiya na nan, sun zo jin hukuncin jirgi.

"Zauna. Miƙo."

"Ya Ummi, bari Hauwa ta yi. Ke ce za ki wanke mini ƙafa?"

"Wa ya fara wanke ta a duniya?"

Ya ja ƙafar baya, ta ɗaka masa duka a ƙwauri, daidai inda layin biro yake a da. Ya miƙa. Ta yi bismilla, ta riƙa tsiyaya Zamzam a hankali a kan dunduniyar nan mai faci, tana shafawa da tafin hannunta. Namiji mai furfura ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a tasa. Ni ma na yi kukan, ba zan ɓoye ba. Da ta gama ta ce in kai ruwan in zuba a tukunyar da ta shuka raihani, kada ya bi magudana.

"To Sitti, jirgi fa?" in ji Yasir, yana duban kakarsa.

Inna ta goge hannu a gefen zane. "Ni dai na tsani ruwan nan, kuma da tsanarsa zan mutu. Amma wata nawa ina kallon ɗana a ɗakin nan yana ɗaure mini labule? Wannan ba warkewa ba ce. Ya koma."

Yasir ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu.

"Da sharaɗi. Takalmi a ƙafa, ko wanka zai yi. Kuma daga yau ruwan jirgin nan, na tanki da na jarka, a hannun Hauwa'u yake. In ta ce a sha, a sha. In ta ce a zuba, a zuba. Ka ji, Auta?"

"Na ji."

"Ke kuma 'yar nan, daina sunkuyar da kai. Na ga yadda kike rufe mini famfo."

Ga mai ciwon suga, ka duba tafin ƙafarka kullum ko ka sa a duba maka, don ba za ta faɗa maka an yanke ta ba. Raunin teku a wanke shi nan take da ruwan daɗi mai tsabta, kowanne ne ke hannu, a kuma nemi likita tun yana ƙarami. Wadda rediyo ke gabanta, kada ta tsaya jiran iska ta juya. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya ƙara wa masu jinya haƙuri, ya bar mana tsofaffinmu.

Dunduniyar ba ta koma yadda take ba. Yana ɗan ɗingishi, kuma shi da nutso ya kwanto anga sai dai labari. Makon jiya muka koma jirgi. Faɗan da na tara na sauke shi tas a mota kan hanyar Jidda. Muka tarar gishiri ya ci komai, albasar da na bari a raga ta tsiro ta mutu, wanki da goge-goge na jirana kamar ban taɓa yi ba. Da la'asar ya gaji, ya miƙa hannu zai kwanto jarka ya sha. Na ce ya dakata. Ya dube ni, ya gane. Ya zauna a bakin kujera, ya cire takalmi, ya ɗago mini dunduniya na duba, sannan na tsiyaya masa a kofi.